Zuciyar Madugu Ƙosau

Tsofaffin fatake suna cewa a can gabas, bayan inda ƙasa ke daina fid da ciyawa, akwai wani birni da ba a taɓa jin musu a cikinsa ba. Ba a haihuwa a can, ba a binne kowa, kuma zukatan mutanensa duka bugu ɗaya suke yi, domin tambari ɗaya ke kaɗa su. Mutanen Rafin Gawo sun ɗauki wannan zance hirar zango ce kawai, har shekarar da Madugu Ƙosau ya dawo daga fataucin gishiri.

Ƙosau mutum ne mai kafiya. In ya ce ga hanya, ko ayari duka sun taru a kansa ba su karkatar da shi. Matarsa Tasalla mai daddawa ita ma ba kanwar lasa ba ce. Sun manyanta tare suna ja-in-ja, har maƙwabta suka saba, in gidan ya yi shiru sai a leƙo a tambayi lafiya.

A waccan shekara ayari ya shigo gari ba madugu. Barmo, jagaban ayarin, ya zo ƙofar gida ya ce wa Tasalla maigidanta yana tafe a baya. Yana maganar yana kallon takalminsa. Da aka kwana biyu kuwa sai ga Ƙosau ya iso da ƙafa, ba raƙumi ba kaya, ya yi sallama ya zauna.

Murnar Tasalla ba ta daɗe ba. Ta lura duk abin da aka ce masa sai ya ce to. Ta yi miya ba gishiri, ya cinye bai tanka ba. Ta hana shi abinci wuni guda, bai nema ba. Don gwaji ta ce ya kyautar da bijimin da ya fi so, ya tashi zai kwance igiya, sai da ta riƙe hannunsa. A nan ta ga wani rauni a tafin hannun, an cusa masa laka, ba ya jini kuma ba ya warkewa. Gemunsa bai ƙaru ba, farcensa bai tofo ba.

Wata rana yana kwance a inuwa bayan azahar, ta sa kunne a ƙirjinsa. Zuciyar na bugawa a hankali, dum, dum, kamar ana daka a gari mai nisa. Ta ɗago ta ce masa ga maciji a ƙafarsa, ta mayar da kunne. Bugun bai sake ba ko kaɗan.

Ta yafa mayafi ta tafi gidan Barmo. Ta ce, "Barmo, wa kuka kawo mini?"

Ya ce, "Mijinki ne, Tasalla."

"Jikinsa ne, na gani. Ina sauran?"

Barmo ya daɗe yana murza carbi. Can ya ce, "Ƙishirwa ta kusa kashe mu, sai muka sha ruwa. Iyakar abin da zan iya faɗa miki ke nan." Ya shige cikin gida. Sauran fataken ma da suka hango ta sai su sake hanya.

Ba a jima ba, wata safiya da hantsi, Ƙosau yana tsakiyar shan kunu ya ajiye ludayi, ya miƙe ya fita ya nufi gabas. Ta kira shi, a karo na farko bai ce to ba, bai ma waiwayo ba. Tasalla ta gane wanda ya fi ta ƙarfi ne ya kira. Ta cika gora da ruwa, ta ƙulle ƙuli-ƙuli a bakin zane, ta bar wa 'yarta Lantana gida, ta bi sawunsa.

Suka wuce gonaki, suka wuce dajin da ta sani, suka shiga wanda ba ta sani ba. Ƙosau ba ya sauri ba ya nawa, ba ya tsayawa, sai lokacin da ta faɗi don gajiya. Da ta faɗi sai ya tsaya cak yana ba ta baya, har ta tashi. Wannan ya ƙara mata zargi. Ta ce a ranta, wanda ke jan shi yana so in iso.

Sai suka shiga wani kurmi inda ganyen itatuwa duka ke motsi tare, su karkata dama tare su dawo hagu tare, alhali babu iska. Tsuntsaye a sama suna kaɗa fiffike lokaci ɗaya. Ta ga kura da barewa tsaye gefe da gefe, kurar ba ta farauta, barewar ba ta gudu, idanunsu kamar na kifin da aka shanya. Daga ƙarƙashin ƙasa ta fara jin bugun nan a tafin ƙafarta.

A gindin wata kuka ta tarar da wata tsohuwa da ƙwaryar fura mai sanyi. Tsohuwar ta ce, "Sannu da hanya, 'yata. Zo ki sha. Wanda ya sha wannan ya yi sallama da yunwa har abada."

Maƙogwaron Tasalla ya bushe, gorarta ta kusa ƙarewa. Amma ta dubi fuskar tsohuwar, ta ga ƙiftawar idonta tana tafiya daidai da takun Ƙosau. Ta ce, "Na gode, Iya. Ke kin sha?"

"Na sha tun ina budurwa."

"To da yunwata zan tafi. Ita ke gaya mini ina nan."

Tsohuwar ba ta ji haushi ba, ba ta roƙe ta ba. Ta mayar da idonta kan hanya tana jiran na gaba.

Bayan kurmin suka iske wani kogi baƙi mai faɗi. A bakinsa akwai jirgi na farin itace, ba matuƙi ba sanda. Ƙosau ya shiga ya zauna. Jirgin bai tafi ba, ya juyo da gefensa wajen Tasalla kamar mai yi mata shimfiɗa. Ta ja da baya. Da jirgin ya gaji da jira, ko kuma aka ce ya tafi, sai ya zame ya haye da mijinta.

Ta bi gaɓa tana neman mashigi, sai wani abu da ta zaci kututture ne ya buɗe ido. Wani kada ne, tsawonsa ya kai soro biyu, gansakuka ta rufe bayansa. Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Ba wanda ya aiko ni, ya dattijon ruwa. Da ƙafata na zo."

"Haka kowa ke cewa. Me ya hana ki shiga jirgi?"

"Abin da bai tambaye ni inda za ni ba amma ya san inda zai kai ni, ban yarda da shi ba. Kai na wa ne?"

Kadan ya yi wani gurnani mai kama da dariya. Ya ce, "Ni na cikina ne. Mai Tambari ya nemi zuciyata tun kakanninki ba su san wuta ba, amma bugunta ya yi masa nawa, ya kasa kama ta. Zan iya haye da ke. Sai dai ki sani ina jin yunwa, kuma ban yanke shawara ba tukuna. Mai yiwuwa in kai ki gaɓa, mai yiwuwa in cinye ki a tsakiya."

Tasalla ta dubi jirgin da ya riga ya dawo yana jiranta, ta dubi haƙoran kadan. Ta yi bisimilla ta hau bayansa.

A tsakiyar kogi ya tsaya. Ruwa na wucewa ta gefensu, ta ji haƙarƙarinsa na buɗewa da rufewa a ƙarƙashinta. Ya ce, "Kina da nama a jiki."

Ta ce, "Ina da ƙuli-ƙuli kuma. Bai kai ni girma ba, amma ni in ka cinye ni ba za ka ji yadda ta ƙare tsakanina da Mai Tambari ba."

Ta fara salati a zuci. Sa'an nan kadan ya ce, "Yunwa kullum tana dawowa, labari kuwa ba ya zuwa kogin nan. Zubo ƙuli-ƙulin." Ta zuba masa rabi a baki, ya kai ta gaɓa. Da za ta sauka ya ce, "A can kowa zai yi miki kirki. Ki fi tsoron wannan."

Birnin na kan tudu, ganuwarsa ja ce, ba tsaga ko ɗaya. A saman ƙofar an kafa wani kai na tagulla mai girman rumbu. Da ta matso sai leɓunansa suka motsa. Ya ce, "Tambayi, a ba ki amsa. Na san sunan kowane tauraro da zurfin kowace rijiya."

Ta ce, "Ya kai mai tsaron ƙofa, yaya mijina ya zama haka?"

"Ayarinsa ya ɓata a hamada, rijiyoyi suka ƙafe. Mai Tambari ya bayyana gare su ya ce zai ba su ruwa a kan zuciya ɗaya. Fatake suka fara duban juna. Madugu ya ce tasa za a ɗauka. Ba a tilasta shi ba."

Tasalla ta dafe ganuwa. Ta ce, "Don me aka mayar da shi gida?"

"Don ki biyo shi. Tambari da zukata masu tauri yake rayuwa, masu laushi ba sa daɗewa a cikinsa. An ji labarin zuciyarki a cikin tunanin madugu."

"Ana fitar da mutum daga nan?"

"Ana yi. In mai zuciyar kansa ya tsaya gaban Mai Tambari ya nema, dole a yanke wa mutum ɗaya kiɗa. In zuciyarsa ta tashi da kanta, ya kuɓuta. Yawancinsu ba ta tashi."

Ta ƙura masa ido. "Wa ya ce ka gaya mini wannan?"

"Mai Tambari."

"Tarko ne ke nan."

"Tarko ne. Kuma gaskiya ne."

"Kai me kake so ya same ni?"

Wani abu ya yi ta ƙara a cikin kan tagullar kamar dutsen niƙa ba hatsi. Can ya ce, "Ba a zuba mini wannan ba. Tambayi wata." Ta wuce ta ƙarƙashinsa ta shiga.

Ba ta taɓa ganin gari mai tsabta kamarsa ba. Kasuwa cike take, amma ba ciniki, mai kaya ya miƙa, mai karɓa ya karɓa, ya zagaya ya dawo da shi. Mata na daka a turmi ba komai a ciki, taɓarya duka na sauka tare. Ba yaro ko ɗaya, ba hayaƙin girki, ba ƙuda. Ta ga mutanen ƙasashe iri-iri, wasu jikinsu laka ta fi nama yawa saboda faci. Duk wanda ta wuce sai ya yi mata murmushi ya ce, "Maraba, Tasalla," da murya iri ɗaya. Abin da ya fi firgita ta shi ne da ta dubi ƙafafunta ta ga sun fara taka daidai da bugun. Ta tsaya, ta ɗauki tsakuwa mai kaifi ta sa a takalminta, ta ci gaba tana ɗingishi.

A tsakiyar birnin akwai wani zaure ba rufi. A ciki tambarin yake, girmansa kamar dutse, fatarsa na tashi tana sauka ba mai duka. A gefensa wani aljani na zaune, dogo siriri, fuskarsa kyakkyawa ba tamoji, kunnuwansa faffaɗa kamar faifai. Ƙosau na tsaye a gabansa.

Aljanin ya ce, "Lale da baƙuwar da aka daɗe ana jira. Ni ne Mai Tambari. Kin ga birnina. Kin ga mai kuka?"

Ta ce, "Ban gani ba, ranka ya daɗe. Ban ga mai dariya ba kuma."

"Ya ke 'yar Adam, kowane ɗayansu nauyi ya kawo mini. Wannan ya rasa 'ya'yansa, waccan ta kasa zaɓa tsakanin biyu, wancan ya gaji da tsoron gobe. Na sauke musu. Ke kina alfahari da ƙafarki kika zo. Ni na aika miki da shi, ni na tsayar da shi duk inda kika faɗi. Na san za ki ƙi furar, na san za ki ƙi jirgin. Ƙinki ma hanya ce da na share. Ina bambancinki da su?"

Maganar ta soke ta, domin abin da take tsoro ke nan tun daga kurmi. Ta nemi wani abu ɗaya da ta yi wanda bai lissafa ba, ta rasa tabbaci. Ta ce, "Ba zan iya rantse maka cewa ba kai ka jawo ni ba. Amma in da ni da su ɗaya ne, da ba ka wahalar da kanka kana lallashina ba. Da kawai ka ce in zo. Na zo neman a yanke wa mijina kiɗa."

"Da son ransa ya ba da ita. Shi ne abu na ƙarshe da ya so a duniya. Za ki warware abin da ya ƙulla?"

"Ba ni zan warware ba. A tashe shi a tambaye shi."

Mai Tambari ya yi murmushi. "An karɓa. Ga sharaɗi. Zan yanke masa kiɗa, zai faɗi. In zuciyarsa ta tashi da kanta, ku tafi. In ba ta tashi ba, gawa ce, ki ɗauka. Amma akwai ƙofa ta uku, don ni mai tausayi ne. Kin zauna da shi shekara da shekaru ba ki taɓa kiran sunansa ba saboda kunya. Ki kira shi da sunansa sau ɗaya, zai tashi nan take. Zuciyarsa za ta bi taki, duk abin da kike so shi zai so, ba zai ƙara saɓa miki ba. Ke kuwa za ki zama ƙaramin tambari a ƙarƙashin nawa."

Bai jira amsarta ba. Ya miƙa yatsa ya tsinke wani abu a iska, Ƙosau ya zube kamar buhun da aka kwance.

Tasalla ta durƙusa ta sa kunne a ƙirjinsa. Shiru. Leɓunansa suka fara yin toka. Ta kai hannu za ta girgiza shi, ta tuna ba a ce mata taɓawa ba ta cikin tarko ba, ta naɗe hannuwanta a bayanta.

Aljanin ya sunkuyo kusa da kunnenta. "Yana tafiya. Kalma ɗaya ce. Me za ki ce wa Lantana? Cewa kina da maganin a bakinki kika haɗiye?"

Sunan ya hau har kan harshenta. Ta ga kanta tana komawa Rafin Gawo da miji lafiyayye yana bin ta a baya, kuma ba wanda zai sani sai ita. Ta tura bakin mayafinta cikin baki ta cije. Hawaye na zuba a kan rigarsa. Inuwar ganuwar zauren ta matso ta rufe ƙafafunsa, ta hau gwiwarsa.

"Ya mutu," in ji Mai Tambari. "Amma har yanzu sunan zai yi aiki."

Ba ta san ko gaskiya yake faɗa ba. Ta ƙara cije mayafin har ta ji haƙorinta ya motsa.

Sai ta ga lakar da ke tafin hannunsa ta tsage. Wani ɗigon jini ya ɓullo, baƙi, sa'an nan ja. Yatsunsa suka lanƙwashe don zafi. Ta mayar da kunne ta ji bugu ɗaya mai rauni, shiru mai tsawo, sai biyu a jere a gurguje, kamar ɗan maraƙin da ke koyon tsayuwa. Ƙosau ya ja numfashi da wata irin ƙara, ya yi tari, ya juya gefe yana nishi. Ya ce, "Ruwa."

Ta ba shi ragowar gorar. Ya sha, ya dube ta, ya dubi zauren. Ta ce, "Madugu, tashi mu tafi."

Ya ce, "Dakata. Ba na tafiya da alkawari a wuyana." Ya dafa ƙasa ya miƙe yana rangaji, ya fuskanci aljanin. "Ya Mai Tambari, na sayar maka da zuciyata a kan ruwa, mutanena sun sha, ban musa ba. Da ka riƙe ni a nan har ƙarshen duniya ba ni da ta cewa. Amma ban sayar maka da matata ba. Ka yi ƙugiya da ni ka jefa a gidana. Wanda ya ɗauki abin da ba a sayar masa ba shi ya fara ɓata ciniki. Tsakanina da kai babu saura."

A karo na farko murmushin aljanin ya gushe. Ya ce, "Ƙofa a buɗe take. Ku fita kafin ƙafafunku su tuna kiɗa."

Suka bi ta kasuwa, tana riƙe da shi. Yanzu ba mai yi musu murmushi, mutanen sun juya musu baya gaba ɗaya. Amma Ƙosau yana ta leƙa fuskoki, yana tsayawa. Ya ce wannan ɗan maƙerin wani gari ne da yake sauka, uwarsa har yau tana ajiye masa tuwo. Waccan matar wani mai masaukinsa ce, an zaci rijiya ta faɗa. Ya gane da yawa, domin ya yi rayuwarsa a kan hanya.

A bakin kogi suka zauna, ta yage gefen zane ta ɗaure masa hannu, suka raba ragowar ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Tasalla, ba zan bi ki gida yanzu ba. Zan bi gaɓa in yi arewa, in shiga garuruwan nan in gaya wa danginsu inda suke da yadda ake fitar da su."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Don wannan na hau bayan kada? Ko tsayuwa ba ka iya yi sosai."

"Zan iya zuwa gobe."

"Ka tsaya ka ji. Masu taurin zuciya yake nema, su ne abincin tambarinsa. Kai kuma za ka bi gari gari kana tattaro masa su. Mutum nawa ne za su iya rufe baki ɗansu na mutuwa a gabansu? Ni kaina saura ƙiris. Ka tabbata ba shi ya bar maka wannan tunani a kai ba kafin ya sake ka?"

Ƙosau ya dubi ruwa. Ya ce, "Ban tabbata ba. Zan gaya musu har da wannan, in kuma gaya musu wasu za su dawo da gawa. Amma in na yi shiru, na yanke musu hukunci ke nan ba su sani ba. To me ya raba ni da shi?"

Suka yi ta musu har rana ta karkata, har kadan ya fito da kansa daga ruwa yana saurare. Ta kawo hujja, ya kawo, ta yi fushi ta juya masa baya, shi kuma bai sauka daga maganarsa ba. A ƙarshe ta cire gorarta ta cika ta rataya masa a kafaɗa. Ta ce, "Ban yarda da kai ba, ka sani. Ina ganin kuskure za ka yi."

Ya ce, "Na ji. Ki gaida Lantana."

Ya kama gaɓa ya yi arewa, yana tafiya yana hutawa. Tasalla ta biya kadan da labari tun daga ƙofar birni har zuwa faɗuwar Ƙosau da tashinsa, ya haye da ita bai tsaya a tsakiya ba.

Ta shiga Rafin Gawo ita kaɗai. Mata suka yi ta raɗa cewa ta je ɗauko miji ta dawo hannu rabbana. Bayan damina sai baƙi suka fara sauka a ƙofar gidanta, tsofaffi da zawarawa da 'yan'uwan ɓatattu, suna cewa wani madugu mai ɗaure da hannu ne ya kwatanta musu gidan. Takan zaunar da su ta gaya musu komai, mai daɗi da mai ɗaci. Wasu sukan juya gida daga nan. Cikin waɗanda suka wuce gabas, akwai waɗanda suka dawo da nasu suna tafe da ƙafarsu, akwai waɗanda suka binne nasu a bakin kogi, akwai kuma waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Fatake har yau ba su daidaita ba a kan ko ƙarar tambarin ta ragu ko ƙaruwa ta yi.

Ƙosau ya dawo gida a kaka ta biyu, ya rame, gemunsa ya yi fari. Da yamma suna zaune a tsakar gida Tasalla ta lissafa masa sunayen waɗanda ba su dawo ba, ɗaya bayan ɗaya, ya saurara kansa a ƙasa. Da ta gama shi ma ya faɗi sunayen waɗanda suka dawo. Ba wanda ya ce da ɗan'uwansa kai ne da gaskiya. Aka kira sallar magariba, ya tashi ya ɗauki buta, ita kuma ta shiga hura wuta.

Iyakar abin da ya iso kunnenmu ke nan game da Tasalla da madugunta. Sauran yana wurin Masanin abin da ke cikin ƙiraza.